Araha Ba Ta Ado: Tsokaci Kan 'Ya'yanmu Masu Saɓa Jaka Su Nufi Hamada



Bayan an gama kawar da amfanin gona a kakar da ta wuce, wata rana da la'asar sakaliya ina zaune a zaure ina duba takardun jarrabawa, sai wani tsohon ɗalibina ya yi sallama. Ni na koyar da shi a aji biyar da aji shida. Yaro ne mai natsuwa, wanda ba ya ɗaga hannu sai ya tabbatar da amsarsa. Ya samu takardar shaidar malanta ta NCE shekara huɗu da suka wuce, kuma tun daga lokacin yake yawo da ita cikin leda daga wannan ofis zuwa wancan. Bayan mun gaisa ya zaro littafin rubutu mai falle arba'in ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Malam, lissafi na yi, nake so a duba mini kamar yadda aka saba."

Na buɗe. Ya ja layuka da rula tsaf, kamar mai shirya jadawalin darasi. Kuɗin mota daga Rano zuwa Kano, daga Kano zuwa Damagaram, daga Damagaram zuwa Agadas, daga nan zuwa Sabha ta ƙasar Libiya. A ƙarƙashin guzuri ya rubuta garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino da sukari. Sai jarka biyu, bargo ɗaya da tabarmar roba. A gaban kalmar masauki ya rubuta sifiri, ya yi ƙaramin bayani a gefe cewa zai riƙa kwana a tasha ko a masallaci ko a fili. A wani wurin kuma ya rubuta: inda mota ta yi tsada, a taka da ƙafa. Jimlar duka ba ta kai kuɗin ɗan bijimi ba. Na bi tarawar da jan biro daga sama har ƙasa, ban sami kuskure ko ɗaya ba. Da a aji ne, da goma bisa goma zan ba shi.

Na ce, "To ɗana, wa ya ba ka wannan shawara?" Sai ya fito da wayarsa ya nuna mini hoton bidiyo na wani matashin Bature, goye da jaka, yana hawa duwatsu, ya kafa ɗan tantinsa a bakin tafki, ya dafa shayi, gobe ya sauka gonar wani ya yi aikin tsinkar 'ya'yan itace na mako biyu, ya karɓi kuɗinsa ya ƙara gaba. Ya ce, "Malam, su ma da suke da shi haka suke yi, balle mu. Ai kai ka koya mana cewa tafiya mabuɗin ilimi ce."

Wannan magana ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin na san ba ni kaɗai ba ne irin wannan littafi ya zo wa. Daga Rurum zuwa Saji, daga Tarai zuwa Fammar da Durba, da wuya a sami malamin da ba zai iya ƙirga tsofaffin ɗalibansa da aka ce "ya yi arewa" ba. Ni ba na cikin masu cewa kowa ya zauna inda aka binne cibiyarsa. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Abin da nake jayayya da shi, shi ne wannan fahimta da ta shiga kan samarinmu, cewa mutum zai iya rage tsadar fita waje ta hanyar jure wahala kawai, ya kwana a fili, ya taka da ƙafa, ya nemi aiki idan ya isa. A ganina wannan ita ce tafiya mafi tsada da ɗan talaka zai iya yi, sai dai ba a tasha ake biyan kuɗinta ba.

Mu fara da Baturen nan na cikin waya. Abin da hoton ya nuna shi ne jakar da ke bayansa, bai nuna abin da ke aljihunsa ba. A ciki akwai fasfo ɗin da ake buɗe wa ƙofa a mafi yawan ƙasashen duniya. Akwai takardar izinin yin aiki, domin ƙasashe irin su Ostareliya suna da yarjejeniya da wasu ƙasashe da ke bai wa matasansu damar shiga yawon buɗe ido su kuma yi aikin gona ko na otal na shekara guda, kuma Nijeriya ba ta cikin jerin. Akwai inshorar lafiya, akwai katin banki, akwai ofishin jakadancin da zai tashi tsaye idan ya kwana biyu ba a ji ɗuriyarsa ba. Ranar da ya gaji zai nemi jirgi ya koma ɗakin uwarsa. Shi kwanan fili sha'awa ce a wurinsa, kamar yadda ɗan birni kan yi sha'awar tuwon dawa. Namu yaron idan ya nemi bizar shiga ƙasashen Turai zai biya Yuro 90 wanda ba a mayarwa, kuma a 'yan shekarun nan fiye da kashi 40 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu nema hana su ake yi. Wanda ya samu ma, bizar ziyara ba ta halatta aiki, haka nan bizar Umara. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mu damar shiga ƙasashen ƙungiyar ba tare da biza ba har tsawon kwana 90, amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, Libiya da Aljeriya kuwa dama ba su taɓa zama a cikinta ba. Wato daga ranar da ɗanmu ya taka ƙasarsu ba da takarda ba, sunansa baƙon haure, kuma duk wanda ya ga dama zai iya cin haƙƙinsa, ya san ba shi da inda zai kai ƙara.

Hujja ta biyu da ɗalibin nan nawa ya kawo ta fi ta farko ƙarfi, ita ce ta kakanninmu. Ya ce, ai da ƙafa fatake suka je Gwanja, da ƙafa alhazan farko suka je Makka, suna tafe suna aiki. Wannan gaskiya ne, kuma mu mutanen ƙasar Rano ba mu da bakin musu, tunda a tarihin Hausa Bakwai Kano da Rano su ne sarakunan baba, kuma kayan rinin wannan yanki sun yi nisan da masu rina su ba su taɓa mafarkinsa ba. Amma ya kamata mu gaya wa yaranmu labarin a cike, kada mu tsaya a rabinsa.

Bafatake bai taɓa fita shi kaɗai ba. Ayari ake haɗawa na ɗaruruwan mutane, wani lokaci fiye da dubu, da jakuna da takarkarai, a ƙarƙashin madugu wanda kowa ya san gidansa da iyayensa a gari. Akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya, akwai malamin ayari, akwai masu makamai. Madugu ya san kowane zango da kowace rijiya, ya san sarkin da za a kai wa gaisuwa da abin da za a biya a mashigin Kwara kafin a ratsa Bargu a nufi Yandi da Salaga. Idan ya salwantar da mutane, ya san zai dawo ya haɗa ido da iyayensu a masallacin Juma'a, kuma baɗi ba mai bin sa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da suka shahara a fataucin goro ba hannu rabbana suke tafiya ba. Suna ɗauke da kanwa da turkuɗi da jan fata, abin da mutanen can suke jira. Idan an isa kuwa akwai fatoma, mai masaukin da zai sauke baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Unguwannin zango da ke Kumasi da Ankara a yau, da Sabo ta Badun, daga wannan tsari suka tsiro. Kwanan daji da tafiyar ƙafa su ne ɓawon labarin. Ƙwayarsa ita ce sanannen jagora, da tabbataccen masauki, da hajar da ake bukata.

Haka nan masu tafiya Makka ta ƙasa. Sukan bi ta Barno su shiga Fallomi, su wuce Abeshe, su ratsa Darfur har bakin Nilu, daga nan su nufi Sawakin su hau jirgin ruwa. Tafiyar takan ci shekaru. Amma mutumin yana tafe da sana'arsa a hannu, ko ɗinki, ko dukanci, ko wanzanci, ko allo da tawada, kuma a kowane gari akwai 'yan'uwa da suka riga shi. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa gari a bakin Nilu kusa da Sennar wanda har yau sunansa yake amsawa, kuma da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, hannun mutanenmu ake nema ruwa a jallo. Duk da haka da yawa ba su kai ba, da yawa ba su dawo ba, shi ya sa a wancan zamani mai niyyar tafiya yakan raba gadonsa ya nemi gafarar kowa kafin ya fita. Su sun san abin da suka tunkara, kuma ɗakin Allah suka nufa. Wannan hanya ma a yau yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe ta, har sai da aka kwaso ɗalibanmu da ke karatu a can.

Yanzu bari mu yi abin da muka fi iyawa, mu rataya taswira a jikin allo. Daga Kano a bi ta Daura a fita ta Kwangwalam, a wuce Matamaye a shiga Damagaram, tafiyar kilomita 240 ce ko kusa da haka, kuma duk Hausa ake yi, mutum bai ma san ya bar gida ba. Daga Damagaram ta Tanut zuwa Agadas, wajen kilomita 450. Nan iyakar abin da lissafin ɗalibina ya iya hangowa. Daga Agadas hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta bi ta Arlit da Asamaka ta shiga Aljeriya zuwa Tamanraset. Ɗayar ta ratsa Tenere zuwa Dirku, ta wuce Madama, ta shiga Libiya ta Gatrun zuwa Sabha, fiye da kilomita 1,500, wato ya zarce nisan Kano zuwa Ikko, kuma mafi yawansa babu kwalta, babu inuwa, babu gari. A bayan buɗaɗɗiyar Hilux ake loda mutum ashirin da wani abu, ƙafafu na lilo a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa a tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗo, domin wanda barci ya kwashe ya faɗi ba lalle direba ya tsaya ba. Da rana zafi ya haura maki 45 a lokacin bazara, da dare a lokacin hunturu sanyi ya hana ƙifta ido. A nan, layin nan na "inda mota ta yi tsada, a taka da ƙafa" ba shi da wata ma'ana sai ɗaya. Ba mai taka Tenere da ƙafa sai wanda motarsa ta mutu.

A ƙarshen watan Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu biyu sun lalace a hanyarsu daga Arlit. Yara 52, mata 33, maza 7. Ƙishirwa ce ta kashe su, an same su a warwatse, wasu uwa da 'ya'yanta a wuri guda. Mafi yawansu mutanen Kance ne, nan bayan Daura kaɗan. Hausawa ne masu irin sunayenmu, masu cin irin tuwonmu. Wanda kuma ya tsallake ya shiga Aljeriya, kullum yana cikin zullumin kame. Dubban mutane ake kwasowa duk shekara a zubar a wani fili da ke bakin iyaka, a nuna musu yamma da kudu a ce su taka, kilomita 15 cikin rairayi kafin su kai Asamaka. Ga tafiyar ƙafar da ba a sa wa kiɗa a saka a waya ba.

Nijar ta kafa doka a 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, direbobi suka koma bin ɓarauniyar hanya nesa da rijiyoyi, mutuwa ta ƙaru. Gwamnatin soja ta soke dokar a watan Nuwamban 2023, motoci suka dawo fili, dillalai kuma suka sami abin faɗa: hanya ta buɗe. Hanya ta buɗe, gaskiya ne, amma hamadar ba ta rage ko taku ɗaya ba, kuma abin da ke jira a ƙarshenta bai sauya ba. Tun faɗuwar Gaddafi a 2011 kudancin Libiya yake hannun masu bindiga. A watan Nuwamban 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna wa duniya yadda ake gwanjon 'yan Afirka a can kamar awaki. Mu da muka koyar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma malamin makaranta ne, mun sha tsayawa a gaban aji muna bayanin yadda uwar Umar ta faɗa hannun masu bauta a Murzuk, muna cewa yara wannan tarihi ne, ya wuce. Murzuk da Sabha yanki ɗaya suke.

To a nan ne na ɗauki jan biro na fara ƙara wa ɗalibina layukan da ya manta. Kuɗin da ake karɓa a kowane shingen bincike, wanda ba shi da rasit kuma ba shi da ƙa'ida. Canjin kuɗi: sefar da muke rainawa a da, tun bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, ɗayarta ta haura naira biyu, saboda haka guzurin da ya yi kauri a Rano kafin ya kai Agadas ya zama ɗan tsurut. Kwanakin jira a gidajen da dillalai ke tara mutane kafin mota ta cika. Sannan babban layin, wanda ba matafiyin ke biya ba. Yawancinmu mun san gidan da aka buga wa waya da tsakar dare, aka ji muryar ɗa yana kuka ana dukansa, aka faɗi adadin da za a tura. Daga nan sai a sayar da akuyoyin uwa, a bi da shanun huɗa, a ƙarshe a jinginar da gonar gado. Wanda ya fita don ya rage wa gida nauyi sai ya zama shi ne ya raba gidan da abin da yake ci. Na ce da shi, "Rubuta wannan ma, sa'an nan ka sake tarawa."

Ba zan ɓoye muku ba, bai yi shiru ba, kuma amsarsa ta hana ni barci. Ya ce akwai waɗanda suka je suka dawo, suka yi gini da bulo, suka sayi babur, suka yi aure. Haka ne, akwai su, kuma ba na yi musu hassada. Illa dai gidan bulo yana bakin hanya kowa na gani, kabarin da ke cikin rairayi kuwa ba mai ganinsa, kuma wanda ya dawo hannu wofi ba ya zama a majalisa ya ba da labari. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, a gafarce ni. Shekara nawa kana koyarwa?" Bai ƙarasa ba, ni ma ban bukaci ya ƙarasa ba. Yana ganin tsohon kekena a jingine a zaure. Ya san cewa da an tashi daga makaranta gona nake wucewa, wasu abokan aikinmu kuma su hau babur su yi haya har dare.

Wannan ita ce gaɓar da ta shafe mu kai tsaye a matsayinmu na 'yan ƙungiya. Yaron da yake ganin malaminsa yana cin bashin masara kafin ashirin ga wata, da wane baki za a ce masa ya yi haƙuri ya jira aikin koyarwa? An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na taki da na abinci suka yi tashin gwauron zabo. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, Jihar Kano ta sa nata 71,000, mun yaba, amma kowace uwargida da ke karanta wannan shafi ta san kwana nawa yake kaiwa. Tsarin albashi na musamman da aka yi wa malamai alkawari a Ranar Malamai ta Duniya ta 2020, yawancin malaman jihohi har yau jiransa suke. Ci-ranin da aka saba, wanda samari kan tafi kudu bayan kaka su dawo da faɗuwar ruwa, shi ma ya ƙuntata tun da Ikko ta hana haya da babur a manyan sassanta a 2020 da kuma 2022. Idan ƙofar kudu ta tsuke, ido arewa zai koma. Abin takaicin shi ne, a daidai lokacin da mai NCE yake lissafin garin kwakin da zai kai shi Sabha ya yi leburanci, akwai makarantu a ƙauyukanmu inda malami ɗaya yake fama da aji mai yara fiye da ɗari, wani ma ya haɗa aji biyu. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, an kuma mayar da malaman BESDA da dama ma'aikatan dindindin. Mataki ne mai kyau. Sai dai ramin ya fi ƙasar da aka zuba zurfi, kuma aikinmu ne mu riƙa faɗin haka da alƙaluma a hannu, makaranta bayan makaranta.

Waɗanda suka yi sakandare a shekarun 1970 da farkon 1980 za su tuna malamanmu 'yan Indiya da Pakistan da Masar da Gana. Yawancin waɗanda gwamnati ta ɗauko sun sauka ne da takardar kwantiragi a hannu, gida na jiransu, an san ranar albashinsu. Haka malami yake fita waje. Waɗanda suka shigo ba takarda kuwa, da arzikin mai ya ja baya, a watan Janairun 1983 aka ba su 'yan makonni su tattara, har jakar da suka zuba kaya a ciki ta samo sunan da muke kiranta da shi yau. Mu da muka yi wa wasu haka, bai kamata mu yi zaton za a yi mana da sauƙi ba. Ƙofofin halal ƙanana ne, amma akwai su. Tun 1987 Nijeriya take da shirin tura ƙwararru, har da malamai, zuwa ƙasashen Afirka da na yankin Karibiyan su yi aikin shekara biyu a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje. A watan Fabrairun 2023 Ingila ta buɗe wa malaman Nijeriya masu digiri a fannin lissafi da kimiyya da wasu harsuna damar neman shaidar cancantar koyarwa a can, ko da yake shaidar ba biza ba ce, ba kuma aiki ba ce. Duk waɗannan suna bukatar digiri, da rajistar TRCN, da haƙurin cike takardu. Hanya ce mai tsawo, amma wanda ya bi ta ba a kiran gidansu da tsakar dare.

Saboda haka ina roƙon shugabannin reshenmu su sa wannan batu cikin ajandar taro mai zuwa. Ba kuɗi nake nema a ware ba. Muna da malaman nazarin zamantakewa da na labarin ƙasa a kowace makaranta, kuma babu abin da zai hana darasin hamadar Sahara ya tashi daga haddar sunayen duwatsu ya koma lissafin nisa da ruwa da kwanaki, a sa ɗaliban babbar sakandare su auna da kansu jarka nawa mutum yake bukata daga Dirku zuwa Gatrun idan mota ta tsaya kwana uku. Waɗanda suka je suka dawo suna nan a cikinmu. A gayyato mai son yin magana, a karrama shi, kada a mayar da shi abin nuni. Sa'an nan reshe ya ware mutum biyu ko uku masu sanin kwamfuta da intanet, waɗanda duk ɗan malami ko tsohon ɗalibin da aka kawo wa tayin aiki a waje zai iya kai musu takardar su duba: wane kamfani ne, yana da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wace irin biza ce, wa zai riƙe fasfo idan an isa. Mu zama fatoman da yaran nan suka rasa, ko da daga wannan bakin hanyar ne.

Ga iyaye mata kuma, musamman matan malamai da nake jin su ne suka fi mu karanta wannan mujalla, maganar ba ta samari kaɗai ba ce. Akwai masu shiga gida-gida da turare da atamfa, suna cewa za su kai yarinya ko bazawara aikatau a Saudiyya ko Libiya, ba sai an biya ko kwabo ba, ta biya idan ta fara aiki. Wannan "ba sai an biya ba" shi ne igiyar. Bashin ba ya ƙarewa, fasfo yana hannun wani, kuma yarinyar ba ta san ko sunan unguwar da take ba. Hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 don yaƙi da safarar mutane, tana da ofishi a Kano. Kai rahoto wurinta ba tonon asirin maƙwabci ba ne.

Ɗalibin nan nawa bai ce ya fasa ba, ni ma ban nemi ya rantse mini ba. Abin da muka yi da shi, zai tsaya ya yi noman rani a wajen Kadawa tare da wani ɗan'uwan mahaifinsa, ni kuma na ɗauki nauyin binciko masa yadda zai ɗora digiri a kan takardarsa ta hanyar karatun hutu. Ya ce zai ba ni amsa idan an kwashe tumatir. Littafin ya bar shi a wurina, yana nan cikin akwatin da nake ajiye rajista. Ranar taron reshe zan zo da shi, na rufe sunan da ke bangon, kuma ina roƙon kowane shugaban makaranta a Rano da Kibiya ya zo da lambobi biyu a rubuce: yawan malaman da makarantarsa ta rasa, da yawan masu NCE da ke zaune ba aiki a garin da makarantar take.